Baba Toka da Bangon da Ya Ƙi Ƙoshi

Kafin rana ta yi zafi za ka ji ƙarar tsani ana jan sa a kan siminti, ƙiii, ƙiii. Duk wanda ke zaune a rukunin gidajenmu ya san ƙarar nan, kuma ban san wanda ya taɓa jin ta ya yi murna ba. Baba Toka ne ya fito aiki. Bokiti a hannun hagu, buroshi a soke a aljihun baya, a kansa wata hula da fenti ya busar har ta koma kamar ƙwarya. Da can a kafaɗa yake saɓa tsanin, amma tun da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya koma jan sa a ƙasa, wanda bai tashi daga barci ba dole ya tashi.

Yakan fara daga benen farko, ya bi baranda ƙofa-ƙofa yana duba abin da muka ɓata jiya. Inda yara suka zana mota da gawayi, ya shafe. Inda mai gyaran firiji ya rubuta lambar wayarsa, ya shafe. Inda wata ta goge hannun mai a jikin bango, ya tsaya ya yi tsaki, sannan ya shafe. Launi ɗaya gare shi a duniya, ruwan toka, shi ya sa sunansa na ainihi ya ɓace mana tun da daɗewa. Ba ya hira, ba ya karɓar ruwa in an miƙa masa, gaisuwarsa kuma ɗaga buroshi ce.

Makon jiya ya ajiye aiki. An yi masa ɗan taro a ofishin manaja, aka sha lemo, aka tafa, aka ce ko akwai mai magana. Na miƙe tsaye, na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara, na koma na zauna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sai dai in gaya wa mai karatu gaskiya tun yanzu: jinjina na zo yi wa mutumin da har yau ban tabbata na gane abin da ya yi ba, shi kuma ya ƙi ya taimake ni in gane.

Dole in fara da gidajen, don wanda bai gan su ba zai ce ƙari nake yi. An kwaso mu ne daga tsohuwar unguwarmu lokacin da za a fitar da babban titi ta cikinta, aka zuba mu a nan. Benaye ne masu hawa huɗu, kowanne a lanƙwashe kamar rabin faranti, an jera su suna kallon juna, da fili da 'yan itatuwa a tsakiya. Ba zan ci amanar ginin ba: ruwa na zuwa, rufi ba ya yoyo, iska na shiga ta gaba ta fita ta baya ko babu fanka. Baƙi na zuwa daga nesa da kyamarori su ɗauki hoto, wasu har kwanciya suke yi a ƙasa don su samu lanƙwasar da kyau. Mu kuma muna leƙensu ta taga muna tambayar juna ko lafiya.

Matsalar ɗaya ce. Duk inda ka tsaya, abu ɗaya kake gani. Matattakala iri ɗaya, baranda iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, duk ruwan toka. Lambar gida tana nan, amma an sassaƙa ta 'yar ƙarama can sama da ƙofa, ita ma an bi ta da toka, sai mai kaifin ido da dogon wuya. A shekararmu ta farko babu magidancin da bai taɓa kokawa da mukulli a ƙofar wani ba. Maƙwabcinmu direba ya taɓa shiga falon mutane, ya cire takalmi, ya kunna talabijin, har ya fara faɗa a kan wa ya canza labule ba a shawarce shi ba.

Mu masu cikakken hankali ke nan. To ina ga Inna?

Inna mahaifiyata ce, ni da ita muke zaune a benen tsakiya, hawa na biyu. Ni ce auta, kuma Auta kowa ke kirana. Mantuwa ta fara taɓa ta bayan dawowarmu nan, a hankali, daga inda ta ajiye tabarau ta koma ranakun mako. Abu ɗaya ne bai kuɓuce mata ba. Kullum da hantsi sai ta yafa mayafi, ta ɗauki jaka, ta sauka zuwa shagon da ke bakin get ta sayi ashana. Ashana kawai. Yanzu haka akwai durowa biyu a kicin da ba ka isa ka sa cokali a ciki ba. Ta zauna a kan benci su yi hira da mai shagon, wata mata mai fara'a da kowa ke kira Anti, sannan ta taso. Likita ya ce kada mu hana ta, fitar nan ita ke riƙe da sauran abin da ya rage mata. Ni kuma a lokacin ina can shagon magani inda nake aiki, ba na dawowa sai yamma.

Tafiyar ba ta ba ta wahala, don get ɗaya ne kuma ana hango shi daga ko'ina. Dawowar ce. Sau da yawa sai an kira ni a waya: ga Inna a benen da ke kallonmu tana buga ƙofar wasu, ga Inna a zaune a matattakalar benen ƙarshe tana kuka wai an sace mata gida. Kuma ba a kama mata hannu. Duk wanda ya ce "Inna, zo in kai ki," jaka zai sha a ka, don a ganinta yaushe aka haife shi da zai nuna mata hanyar ɗakinta.

Yayana yana wani gari, gidansa mai katanga da maigadi. Ranar da aka tsinci Inna a saman rufin wani bene tana neman igiyar shanyarta, ya kira ni.

"Auta, wasa ya ƙare. Ta sake ɓata sau ɗaya, zan zo in ɗauke ta."

"Yaya, a gidanka ina za ta je? Daga falo sai ɗaki."

"Daga falo sai ɗaki ya fi daga rufi sai ƙasa."

Bai yi ƙarya ba. Amma na san Inna. An taɓa tumɓuke ta sau ɗaya da katafila, kuma tun daga nan ba ta koma daidai ba. In aka sake ɗauke ta aka kulle, ashanar ma za ta manta da ita, daga nan kuma ban san abin da zai saura ba.

Sai na yi dabara. Na sayo jan fenti na zana ƙatuwar da'ira a ƙofarmu, na kira ta na nuna mata. "Inna, kin ga jan nan? Nan ne gida." Ta ce ai ita ba makauniya ba ce. Ya yi aiki kuwa, na ɗan lokaci. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne maƙwabta. Matar direba ta gani ta ce kai, wannan basira ce, ta ari ragowar fentin. Na kusa da ita ya ara a wurinta. Kafin mako ya zagayo, ƙofofin hawanmu kaf sun yi jar da'ira, abin har ya tsallaka benen gaba. Babu wanda ya yi tunanin ya sayi shuɗi ko ya zana wani abu daban. Ja suka gani ya yi aiki, ja suka yi. Inna ta dawo daga shago ta tarar duk duniya gidanta ne.

A nan Baba Toka ya shigo rayuwata. Na dawo wata yamma na tarar ƙofofin duka sun koma toka, tamu har sheƙi take yi. Na same shi a ƙasan matattakala yana wanke buroshi, na sauke masa kwandon masifa.

"Baba, ka san don wa na yi alamar nan?"

"Na sani."

"Ka sani kuma ka goge?"

"Doka ce, 'yar nan. Ƙofa toka, bango toka. Ba ni na kafa ta ba."

"To in tsohuwa ta faɗo daga rufi, dokar ce za ta tare ta?"

Ya ci gaba da matse buroshi kamar da bokiti nake magana. Can ya ce, "Ƙarfe nawa take fita?" Na ce ina ruwansa, na haye sama ina huci.

Na ɗaura ƙyalle a mariƙin ƙofa, cikin kwanaki kaɗan barandarmu ta koma wurin shanya. Na ajiye tukunyar fure, kowa ya zama mai son fure. Na roƙi matar direba don girman Allah ta bar mini abu ɗaya, ta ce ita ma mijinta ɓata yake yi, ko don shi ba tsoho ba ne ba shi da haƙƙi? Manaja ya sa aka kwashe duka. Na haƙura, na zauna jiran ranar da waya za ta yi ƙara, Yaya ya taso mota.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, shekara ta juyo, wata ta biyo ta. Kullum in na dawo sai in tarar da Inna a kan kujerarta, sabon kwalin ashana a cinya. Kaina ya ɗaure. Likita ya ce wataƙila sabon maganin ne, ya rubuta wani abu yana murmushi. Yaya ya ce sa'a ce kawai, kada in saki jiki. Matar direba ta ce ita ce ke sa ta a addu'a. Ni kuwa na ɗauka ƙafafun Inna ne suka haddace hanya tunda kan ya ƙi. Amma a ranar hutu, da ma'aikata ba sa zuwa, ni nake raka ta, ina bin ta a baya kamar ban san ta ba, kuma a ranar sai ta tsaya a tsakiyar fili tana juyi har sai na wuce gabanta ta biyo ni. Wannan ya ƙara rikita ni. Ta iya hanya ranar da ba na nan, ta manta ranar da nake nan?

Na tambaye ta. "Inna, yaya kike gane gida?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta yadda ake shan ruwa. "Gidanmu ai shi ne wanda ake yi wa fenti. Sun ba wani malalaci aikin, har yau bai gama ba."

Na ɗauka cikin zancenta ne na mantuwa, na ce to, Allah ya sa ya gama lafiya.

Asiri ya fara tonuwa ne ta akwatin mita. Mai karanta mita ya zo ya kasa buɗe namu, ya ja, ya buga, ƙarshe ya sa sukudireba ya ɓamɓare gefen. Ɓawon fentin da ya faɗo ya kusa kaurin ɗan yatsa. A karon farko na tsaya na dubi bangon da kyau. Daga ƙofarmu zuwa kwanar matattakala ya kumbura, ya yi sumul, kusurwoyinsa sun dakushe, alhali na maƙwabta ana ganin tsakuwar siminti a jikinsa. Kuma kullum in na dawo akwai ɗan warin fenti a wurin, wanda na daɗe da ɗauka haka sabon gini yake wari.

Na sauka wurin Anti mai shago. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Au, sai yau kika sani? Ai kowa ya sani."

"Kowa ya san me?"

"Da ta zauna a bencin nan, sai ki ji tsani ya taso daga duk inda yake, ƙiii, har barandarku. Ya kafa shi daidai inda ake hango shi daga get, ya hau, ya yi ta shafa. Ita kuma in ta miƙe sai ta ɗaga kai ta nemo shi, ta nufi wajen tana zaginsa."

"Zagi kuma?"

"Kullum. 'Kai, yau ma ba ka gama ba?' Shi kuma, 'Saura kaɗan, Inna.' In ta yi kuskure ta shiga wata matattakalar, sai ya sauko ya yi ta jan tsanin nan gaba da baya, har ƙarar ta ishe ta, ta fito ta zo yi masa masifa."

Anti ta ce akwai ranar da Inna ta yi barci a kan benci, ba ta tashi ba sai da rana ta karya. Shi yana can saman tsani, rana a ƙeyarsa, fenti ya yi fata a bokiti, bai sauka ya ci abinci ba. Ita Anti ta aika masa da ruwa, ya mayar, wai hannunsa da datti. Na ce me ya sa babu wanda ya gaya mini? Ta ce sun ɗauka ni na sa shi.

Matar direba, da ta ji ina bincike, ta manta da batun addu'arta ta kawo nata labarin. Ta ce ta taɓa ganinsa ana tsuga ruwan sama, feshi na shigowa baranda, shi kuma yana shafa fenti ruwa na wanke shi. Wata rana kuma zazzaɓi ya kama shi, ya zo ya kifa bokiti ya zauna a kai yana rawar ɗari, buroshi a ɗage sama kamar mai tsayar da mota, bai shafa ko ɗigo ba. Da Inna ta shige sai ya lallaɓa ya tafi. Ta ce ita a ranar ta yanke cewa tsohon ya taɓu.

Manaja ma kusan haka ya ce, sai dai shi da ɓacin rai. Ya ce shekara da shekaru yana fama da mutumin nan. Benen ƙarshe na ɓarewa, an yi masa magana, an yi masa gargaɗi, amma kullum da hantsi yana jikin bango ɗaya kamar an ɗaure shi a wurin. Sai sauran ma'aikata sun tashi sannan zai ja ƙafa ya je ya cike abin da ya bari, shi kaɗai. Manaja ya ce a ganinsa tsufa ne, tsohon ya fara mantuwa, yana shafe bangon da ya shafe jiya bai sani ba. Da gaske ya faɗa, har ni ma zuciyata ta rabu biyu. In haka ne fa? In mai mantuwa ne ke jagorar mai mantuwa, ni kuma ina can ina sayar da magani hankali kwance?

Na nemi izini a wurin aiki wata rana na dawo da hantsi. Ga shi kuwa a kan tsani.

"Baba, me kake yi wa bangon nan?"

"Fenti."

"Na ga fenti. Kullum?"

"Sha yake yi, 'yar nan. Wani bangon haka Allah ya yi shi, ba ya ƙoshi."

"Baba, dube ni. Saboda Inna ne?"

"Wace Inna? Mai zagin nan?" Ya tsoma buroshi. "Matsa, kada ya ɗiga miki a mayafi."

Iyakar abin da na samu ke nan daga bakinsa. Na kai masa abinci, ya ce ya ƙoshi. Na yi masa godiya, ya ce a kan me.

Kai ne, Baba, mutumin da ya goge mini alama sannan ya hau tsani ya tsaya a madadinta. Kai ne wanda aka ɗauka aiki don kada wata ƙofa ta fita daban, kuma ka yi aikin tsakani da Allah, ba ka taɓa ɗiga wani launi ba. Ban san yadda aka yi ka bi dokar har ƙarshe kuma ka karya ta kullum ba. Na yi ta juya abin a raina. Wani lokaci in ce ka tsara shi tsaf tun ranar da ka tambaye ni ƙarfe nawa take fita. Wani lokaci in ce a'a, sau ɗaya ka zo bisa tsautsayi, ta zage ka, ka ga ta shiga gida lafiya, sai ka kasa daina zuwa. Toka, mai shan zagi a saman tsani. Toka, mai aikin da ba ya ƙarewa.

Na so ƙwarai in samu wanda zan ɗora wa laifi. Sai ga mai zanen ginin ta zo da kanta bara, tana zagayawa da ɗalibanta. Ban yi zaton mace ba ce, ban kuma yi zaton mai furfura ba ce da takalmin roba. Na tare ta a barandarmu da maganganun da na daɗe ina wasawa, na zazzage mata komai, tun daga rufi har jar da'ira. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce a gidajen haya ta tashi, inda daga launin ƙofa ake gane wa ke da shi wa ba shi da shi, kuma ƙofarsu ce kullum mafi muni. Ta yi wa kanta alƙawari, in ta taɓa zana gidaje babu yarinyar da za ta ji kunyar nuna ƙofarsu. Ta ce tsofaffi ne ba ta tuna da su ba, don a lokacin nata iyayen da ƙarfinsu. Ta shafa bangonmu, ta tambayi abin da ya same shi. Na gaya mata. Sai ta tambaye ni, ni ɗin, me nake ganin ya kamata a yi. Na ce a bar kowa ya yi launinsa. Ta ce, "Kuma kina ganin ba za su yi ja duka ba?" Ta tafi a kan za ta yi tunani, na kuma yarda tana yi. Ni dai na koma ɗaki da fushina a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Gwiwar ce ta yanke hukunci. A watannin baya sai ya riƙe tsani da hannu biyu yake hawa matakin farko, daga baya ya daina hawa, ya tsaya a gindinsa yana shafa iya tsayinsa. 'Yarsa ta zo ta ce ya isa haka, za ta tafi da shi wurinta. Manaja ya ce ba za a ɗauki wani ba, kamfani zai riƙa zuwa da injin fesa fenti lokaci-lokaci, su gama rukunin duka su tafi. Da Yaya ya ji, bai yi dogon zance ba. Ya ce zai shigo ranar aiki ta farko bayan tafiyar tsohon, in haɗa wa Inna kayanta.

A wurin taron, bayan na kasa magana, na bi Baba waje.

"Baba, ni yanzu yaya zan yi?"

Ya dube ni, ya dubi benenmu, ya ce, "A riƙa motsa shi kafin a shafa. In ba haka ba ruwa ne a sama."

Ya shiga motar 'yarsa. Na tsaya ina tunanin ko amsa ce, ko kuwa bai ji tambayar ba. Da na hau sama na tarar da bokitinsa a ƙofarmu, da buroshi, da hular nan a kife a kai. Tsanin na ofis ne, an karɓe. Ko mantawa ya yi, ko bari ya yi, ku tambaye shi in kun iya.

Na gode, Baba. Na gode da gwiwar da ka ƙarar a jikin bangon da bai buƙace ka ba. Na gode da shekarun da ka ƙara wa Inna na fita da dawowa da ƙafarta, tana ganin ita ce ke sa maka ido. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka wanda zai tsaya inda za ka hango shi in naka lokacin ya zo. Ku kuma maƙwabta, na san ku, ba ku taɓa ganin abu a ƙofata kun bar shi ba. To ga abin kwaikwayo na gaske. A kowane bene akwai tsoho ko tsohuwa da suka daina fita saboda tsoron dawowa, ku nemo naku. Mai son taya ni da tamu kuma, bismillah, amma don Allah ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙofarmu kaɗai. Kada in wayi gari in ga kowa da bokiti a ƙofarsa.

Shekaranjiya Yaya ya iso, tun Inna ba ta fita ba. Ya haɗa akwatin da kansa tunda ni na ƙi. Na roƙe shi abu ɗaya: ya bari ta je shago ta dawo, sau ɗayan nan, ya gani da idonsa. Ya duba agogo, ya ce to.

Ta sauka. Na motsa fentin kamar yadda aka ce, na kifa hular a kan ɗankwalina, na tsaya a bakin baranda inda ake hangowa daga get. Ban iya ba, fenti sai bin gwiwar hannuna yake yi. Yaya na tsaye daga cikin ƙofa, akwati a hannu.

Ta taso daga benci. Ta zo tsakiyar fili ta tsaya. Ta juya hagu, ta juya dama, ta nufi benen da ke kallonmu, ta yi taku kaɗan, ta sake tsayawa. Babu tsanin da zan ja. Na ɗaga bokitin na buga shi a ƙarfen baranda, na sake bugawa. Ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo, hannu a goshi. Sannan ta juyo, na ga bakinta ya fara motsi tun daga nesa.

Na ji takunta a matattakala, ɗaya-ɗaya, da hutawa a tsakani. Da ta ɓullo, sai na ji an ajiye akwati a ƙasa a bayana, a hankali.

Ta tsaya a gabana tana haki, ta dube ni tun daga hula har ƙafa.

"Au, yau mace suka turo? Sun kori malalacin ke nan. Gara haka." Ta nuna wani wuri da jaka. "Ga inda kika tsallake."

"To, Inna."

Na jira ta yi dariya, ta ce Auta, cire wannan ƙazamar hular. Inna ta manta abubuwa da yawa, amma ba ta taɓa kallon fuskata ta wuce ba. Ko hular ce, ko ciwon ne ya iso inda nake tsoro, ban sani ba, kuma ban yi ƙarfin halin cire hular in gwada ba. Ta sa ƙafa a cikin gida, ta amsa gaisuwar Yaya har da kiran sunansa, sannan ta waiwayo.

"'Yar nan, in kin ga Autata ta dawo daga aiki, ki ce mata na shigo lafiya. Yawan damuwa gare ta."

Na ce, "Zan gaya mata, Inna."